Shida Na Karɓa

A Bajoga, da la'asar sakaliya,
Sufeto Hammayo ya buɗe tagar ma'ajiya,
tagar da ba ta fi faifai faɗi ba,
ya zube harsasai a kan buhu
kamar mai shanyar gurjiya.

"Zaɓi shida, Kofur Gidado."
Na kai hannu zan damƙa,
ya buge mini yatsu da biro.
"Ba gyaɗar tasha ba ce. Nutsu."

Ya ɗaga guda saitin haske:
"Wannan ya sha damina biyu a aljihun wani,
dubi koren da ya fito masa a wuya.
Ranar da ka kira shi zai yi maka shiru
kamar aboki ranar biyan bashi.
Wannan ya lotsa a gindi.
Wannan kuwa ba na bindigarka ba ne,
takalmin aro ne, ƙafa zai ci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni mai ƙarfi,
wanda in ya fita babu mai tare shi."
Ya dube ni ta saman tabarau
har na ji kakina ya yi mini yawa.

"Ka san katangun garin nan?
Rabi jar ƙasa, rabi langa-langa.
Bayan kowace akwai tabarma,
a kan tabarmar akwai mai barci.
Mai ƙarfin da kake so ba ya tambayar suna.
Ya ratsa ɓarawo, ya ratsa ƙyaure,
ya sami wadda ta tashi hura wutar koko.
Nemi wanda zai tsaya inda ka aike shi.
In ka samu, roƙi Allah kada ka aike shi."

Na sa hannu a rajista. Shida.

A daren aka ajiye ni layin tireloli,
inda motocin siminti ke kwana kafin su kama hanya.
Ƙarfe biyu ta gota,
mai shayi ya kife bencinsa ya tafi,
sai ƙaras, ƙaras, ƙarƙashin mota ta huɗu.

"Wane ne?" Shiru.
"Fito!" Shiru.
Tocilata ta zaɓi wannan lokaci ta mutu.
Yatsana ya sami kunama da kansa,
wallahi ban aike shi ba.
Inuwar ta motsa, da wani abu dogo a hannunta.

Shida na jira a tafin hannuna,
kowanne da idona na tantance shi,
babu mai tsatsa, babu wanda zai ƙi.
Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Sai wata mota ta shawo kwana, ta watso fitila.
Sambo kurma ne,
fari fat tun daga gira har diddige,
da tsintsiya, da tsohon kwano,
yana tattara simintin da ya zube
don ya liƙe tsagar ɗakin uwarsa
kafin ruwa ya sauka.
Ya gan ni, ya washe baki,
ya saɓa tsintsiyar a kafaɗa, ya sara mini.

Na zauna a kan taya.
Gwiwoyina ba su koma nawa ba
sai da aka kira assalatu.

Da safe na jera su a kan buhun nan.
Hammayo ya ƙirga da bakin biro,
leɓensa na motsi kamar mai lazimi,
ya rubuta shida, ya ja layi.
Bai tambaye ni komai ba.

Sai da zan juya ya laluba aljihun gaba,
ya fito da kwanso guda, fanko,
ya yi sumul don yawan shafa,
ya tsayar da shi kusa da nawa.
"Shekara ashirin da bakwai ke nan," ya ce.
"Ni biyar na dawo da su."

Ya mayar aljihu. Ya ja taga.

A tsallaken titi Sambo na wajen mai koko,
siminti bai gama fita daga gashinsa ba,
yana nuna mata da yatsu:
ludayi biyu,
ɗaya a ƙulla masa a leda.